Amalanken da ba shi da taya: daga Girinlan zuwa tafkunan Minesota

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu ƙasar da ruwan tafki ke daskarewa har mutum ya taka ya wuce.

A arewacin Amurka da Kanada, idan hunturu ya kankama, masunta kan shiga tsakiyar tafki da ƙafa, su huda ƙanƙara su zura ƙugiya. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta ce kada a taka sai kaurin sabuwar ƙanƙara ya kai inci 4. To amma fa ba hannu rabbana ake zuwa ba. Akwai injin huda, da tanti, da tukunyar gas ta jin ɗumi, da batir, da bokitin tsutsa. Duk ana loda su cikin wani kwami na roba mai shimfiɗaɗɗen gindi, a ɗaura igiya a ja. Kan tsurar ƙanƙara abin sulɓi yake yi. Da zarar dusa ta zuba, sai kwamin ya riƙa tura ta gaba kamar garma, mai ja ya jiƙe sharkaf da gumi a cikin sanyin da gumi kansa haɗari ne.

Maganin da suka samo a gida suke haɗa shi. A nemi tsofaffin allunan zamiya guda biyu, irin dogayen nan masu lanƙwasasshen baki da ake ɗaurawa a ƙafa, a kafa wa kowanne guntayen katako biyu a tsaye, a gitta sanduna a sama, a ɗora kwamin. Kaya sun tashi daga dusa, siraran layuka biyu kaɗai ke gugar ƙasa. Masuntan suna kiransa amalanken Smitty, kuma da yawansu na ɗaukarsa sabuwar dabara. Mu dai a ganinmu tsohuwa ce ta sake riga.

Mu koma shekarar 1845. Sa Jon Faranklin ya bar Ingila da jiragen ruwa biyu domin neman hanya ta arewacin Kanada, inda suka kutsa su 129. Ƙanƙara ta riƙe jiragen, kuma a watan Afrilun 1848 mutum 105 da suka rage suka bar su, suka kama tafiya a ƙasa. Babu wanda ya tsira. A 1859 masu bincike ƙarƙashin Faransis Makilintok suka tarar da wani kwalekwale ɗaure kan amalanke a tsibirin Sarki Wiliyam, da ƙwarangwal biyu a ciki. Makilintok ya ƙiyasta nauyin amalanken kaɗai ya kai kilo 295, haɗe da kwalekwalen kuwa wajen kilo 635. Wannan dutse mutanen da yunwa da ciwo suka cinye suke ja da ƙirjinsu. A cikin kayan har da cokulan azurfa da sabulu mai ƙamshi. Allah Sarki.

Shekara 40 bayan barin jiragen, wani matashi ɗan ƙasar Norwe mai shekara 26, Firityof Nansen, ya ƙudurta ratsa tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma, abin da ba a taɓa yi ba. Bai kwaikwayi sojan ruwan Ingila ba. Ya dubi ɗan ƙaramin amalanken da manoman ƙasarsu ke jan itace da ciyawa da shi, mai faffaɗan ƙafafu irin allunan zamiya, ya tsawaita shi. Abin da ya fi burge mu shi ne haɗin: ya guji ƙusa, ya ɗaure gaɓoɓin da tsirkiyar fata. Ƙusa tana sa katako ya ƙage, idan ya daki tudun ƙanƙara sai ya tsage. Ɗauri kuwa yana barin firam ɗin ya yi ta murɗawa yana bin ƙasa, in ya kwance a sake ɗaurewa ko da hannu na kakkarwa. Nauyin kowane amalanke wajen kilo 12 ne, amma yana ɗaukar kaya sama da kilo 100.

Su shida ne, biyu daga cikinsu 'yan ƙabilar Sami, Samuwel Balto da Ole Rabna, mutanen da kakanninsu suka daɗe kan zamiya (allon da aka tono a Kalbatarask ta ƙasar Suwidin a 1924 ya haura shekara 5,000). Sun tashi a tsakiyar Agustan 1888 da amalanke biyar, suka hau tudun da ya kai mita 2,700, sanyi na sauka wajen digiri 45 ƙasa da sifiri. Da iska ta juyo musu baya, sai suka haɗa amalanken biyu-biyu suka kafa filafilai kamar na jirgin ruwa. A ranar 3 ga Oktoba Nansen da Oto Sabardarup suka isa garin da yau ake kira Nuk, kuma duk shidan sun koma gida da ransu.

Daga nan ƙirar ta zama abin koyi. Da irinta Amundsen ya isa ƙuryar kudancin duniya a watan Disambar 1911, bayan kafintansa Olab Biyalan ya kwashe hunturu yana feƙe katakon don rage nauyi.

Masuncin Minesota ya saɓa wa Nansen a abu guda: shi da kusoshi masu murɗi yake haɗa nasa, domin tafki shimfiɗaɗɗe ne, ba ya buƙatar firam mai murɗawa. Abin da ya dame shi shi ne bayan mota. Shi ya sa yake yanka gurbi a katakon tsaye, sandunan su zauna ciki ba ɗauri, in an tashi komawa gida a zare su a jera allunan a gefe.