Maguzanci: Gadon Uba ne ko Ƙofa a Buɗe?

Daga Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi har zuwa Roni da Gwiwa, da wuya ka sami dattijon da bai san labarin Maguzawa ba: manyan gidaje can bayan gari, rumbuna maƙil da dawa, mata kowace da gayaunarta, giya ranar biki. Hausarsu ba gauraye, amma an daɗe ana ajiye su a gefe, har ta kai wani in ya ce "Bahaushe" Musulmi yake nufi. Yanzu kuma ga wasu matasa sun taso suna cewa Bamaguje ne kaɗai Bahaushen asali. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin tarihin ya bar rabi.

Littafin Tarihin Kano ya faro ne da Barbushe da tsafin Tsumburbura a Dala. Ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sannan Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya kafa shi sosai a fada. Birni ya musulunta, ƙauye ya ci gaba da yanka wa iskoki. Haka aka zauna ɗaruruwan shekaru, ana cin kasuwa ɗaya.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 bai share Maguzawa ba. Malamai sun ɗauke su a hukuncin Majusawa, wato waɗanda za su biya jiziya a bar su da addininsu cikin amana. Sarakuna kuwa ba su da dalilin matsa musu, tunda su ne ƙarfin noma, ga kuma kuɗin da ke shiga baitulmali. Tsarin jiziya ya ba Bamaguje kariya, amma ya kuma tsaga masa iyaka: ga gonarka, ga gidanka, sarauta da shari'a ba naka ba ne.

To, a cikin addinin kansa fa, wa ake karɓa? A nan ne maganar ta fi daɗi. Joseph Greenberg, wani Ba'amurke da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946, kuma ya nuna cewa bautar gida ta wajen uba ake gadonta. Kowane dangi da kan gidansa, wato abin da ba sa ci ko ba sa kashewa, da iskokin da maigida ke yanka wa akuya ko kaza kafin shuka da bayan girbi. Baƙo ba ya shigowa ya ce a ba shi kan gidan wasu. Wannan ƙofa a rufe take, sai dai ba don ana ganin jinin wani ya fi na wani ba. Kowa dai da abin da uban gidansa ya bar masa.

Bori kuwa ba ya tambayar asali. Wanda iska ta kama, aka yi masa girka, ya shiga, ko bawa ne ko ɗa, ko bazawara ce ko matar sarki. Dubi ma mutanen Jangare, birnin iskoki: akwai Ɗangaladima ɗan sarki mai almubazzaranci, akwai Sarkin Rafi, akwai Kuturu, akwai Malam Alhaji mai tasbaha da farar riga, akwai Inna Bafillatana. Addinin da aka ce na "Hausa zalla" ne, ga malami da Bafillatana zaune a tsakiyar fadarsa! Bayin da aka ƙetara da su Sahara sun tafi da bori har Tunis da Turabulus, inda Bature Tremearne ya tarar da shi ya rubuta littafi a 1914. A wajejen 1925 kuma, a yankin Filinge na Nijar, sababbin iskoki suka ɓullo da siffar sojoji da gwamnonin Faransa, waɗanda ake kira Babule ko Hauka. Ko mai mulkin mallaka ma an sama masa mazauni.

Ƙarni na 20 ne ya ci Maguzanci. Mishan na SIM sun buɗe tasha a Roni, kuma a sassan Kano da Katsina Maguzawa da yawa suka zama Kirista, akasari a cocin ECWA. Daga 1963 Sardauna Ahmadu Bello ya fita rangadin musuluntarwa, bayansa ƙungiyoyin da'awa suka ɗora. Makarantar boko, auratayya da cin rani suka ƙarasa sauran.

Irin wannan gardama ta gado ko ƙofa a buɗe ta riga ta raba masu farfaɗo da tsohon addinin arewacin Turai. A Aisland an kafa ƙungiyar Ásatrú a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, kuma ba ta tambayar asalin mai shiga. A Amurka kuwa tafiyar ta tsage a shekarun 1980: ƙungiyar Troth, ta 1987, ta ce kowa na iya bauta wa Odin da Thor, shi kuma Stephen McNallen ya kafa Asatru Folk Assembly a 1994 kan cewa addinin na masu jinin Turai ne kawai. A 2016 ƙungiyoyi da dama suka sa hannu a wata sanarwa mai suna Declaration 127 suka yi hannun riga da ƙungiyar McNallen.

Bambancin da namu shi ne, su can suna bautar da gaske. Masu ɗaga tutar Maguzawa a Facebook da TikTok, yawancinsu Musulmi ne ko Kirista, ba wanda ya san kan gidan kakansa, balle ya yanka jan zakara a gindin tsamiya. Ba addinin suke so ba, sanda suke nema ta dukan Fulani, a lokacin da rikicin 'yan bindiga ya ɓata tsakanin manomi da makiyayi a Zamfara da Katsina. Ragowar Maguzawan da ke ƙauyuka kuwa, kukansu bai wuce na filin noma, makaranta, rijiya, da a daina kiransu arna a kasuwa ba.