Rawar Iyali Wajen Rigakafin Kashe Kai a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da dokokin Nijeriya. Ta nuna cewa iyali ne matakin farko na rigakafi, amma kunya da tsoron hukuma suna ɗaure musu baki.

Gabatarwa

Ƙiyasin hukumar na 2019 ya nuna mutum 703,000 ne suka kashe kansu a shekarar, kashi 77 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. A Arewa alƙaluma ba sa nuna girman matsalar, domin iyalai da dama sukan ce “rashin lafiya ce” a rufe magana.

Doka da shiru

Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma ba ta soke wannan sashe ba. Gana kuwa ta cire yunƙurin daga jerin laifuka a 2023. Uwar da ke tsoron ɗan sanda ba za ta yi saurin kai ɗanta asibiti ba.

Abin da iyali ke iya yi

Alamun tunanin kashe kai sukan fito a magana ko a aiki: “na gaji da duniya”, “gara in tafi in huta”, neman yafiya ba dalili, ko rarraba kayan da mutum yake ƙauna. Amsar da aka saba ita ce “ka yi haƙuri”, ko a zarge shi da rashin tawakkali, wani lokaci a ɗora wa aljanu. Addu'a tana da muhallinta, sai dai ba ta hana neman magani. Nazarin Dazzi da abokan aikinsa na 2014 bai sami hujjar cewa tambayar mutum kai tsaye tana cusa masa tunanin ba. Don haka a zauna da shi, a tambaya a fili, a saurara ba tare da faɗa ba, kada kuma a bar shi shi kaɗai idan ya amsa da e.

Sai batun maganin ƙwari na gona, gubar da wasu ke sha don kashe kansu, wanda a gidajen manoma akan ajiye shi ƙarƙashin gado. Sri Lanka ta haramta mafiya haɗari daga cikin irin waɗannan magunguna, aka kuma ƙiyasta ta ceci rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Ƙuncin da ke kai mutum ga yunƙurin yakan zo ya wuce. Idan gubar tana kulle, ana samun lokacin kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri. Wanda ya taɓa yunƙuri ya fi kowa buƙatar bibiya bayan an sallame shi.