Kwikwiyon da ba a san asalinsa ba: cututtukan da yake iya shigowa da su gida

Kwikwiyon da aka tsinta a titi, ko aka saya a hannun wanda bai san uwarsa ba, yana iya yin wasa da cin abinci lafiya lau alhali yana ɗauke da cuta.

Mafi haɗari ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutane 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko lasar rauni. Takan ɓuya wata 2 zuwa 3, wani lokaci har shekara guda. Da zarar alamun sun bayyana, da wuya a tsira.

A shekarar 2004, an shiga da wata ƴar kwikwiya daga Maroko zuwa Faransa ba bisa ƙa'ida ba. Ta mutu da cutar a yankin Bordeaux cikin watan Agusta, sai hukumomi suka shiga cigiyar duk wanda ya taɓa ta. A 2019 kuma, wata matashiya ƴar ƙasar Norway ta rasu bayan wani kwikwiyo da ta tsinta a bakin hanya a Filifin ya cije ta.

Akwai kuma tsutsar ciki. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare, yaran da ke wasa da ƙasa su haɗiye shi, wani lokaci tsutsar ta kai ga ido. Makero ma yana kama mutum daga fatar kare, sannan ga kaska da ƙuma. Cutar Parvo, mai sa amai da zawo da jini, ba ta kama mutum, amma tana kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki.

Don haka ana kai sabon kwikwiyo wurin likitan dabbobi kafin ya cuɗanya da yara. A ba shi maganin tsutsa, a yi masa allurar haukan kare idan ya cika mako 12. Amma allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa ake keɓe shi ana lura da shi.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, komai ƙanƙantar raunin.