Kan Sakkwato da ke zaman aro a Paris

Jiya wani abokina ya turo min hoton mutum-mutumin tagulla na Sarki Bitrus Babba na Rasha, kai da ƙirji, wanda Rastrelli ya zuba a 1723, yana nan a gidan tarihin Hermitage. Har gashin bakinsa a tsaye. Ya ce, "Mu ina fuskokin namu sarakunan?"

Na ce masa to, mu ba ta nan aka bi ba. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya riƙe ribaɗin Tambuwal, ba wanda ya san kamanninsa, amma an san waƙoƙinsa na Larabci, zuriyarsa kuma suna nan. Sarkin Musulmi Bello littattafai ya bar mana, irin su Infaƙul Maisuri. Malamai sun hana sassaƙa surar mutum, kuma ni ban ga asarar da muka yi a nan ba.

Amma jama'a, ƙasar nan ta taɓa yin fuskoki. Kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, tun kafin Musulunci, mutanen wannan yanki sun gina kawuna da gasasshen yumɓu, masu kaurin gira da gemu. Turawa na kiransu salon Sakkwato, 'yan uwan na Nok da Katsina. A shekarun 1990 'yan haƙa suka yi ta tone su a ɓoye, dillalai na fitarwa, duk da dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini. Aka tone ba a rubuta inda aka samo su ba, shi ya sa wa aka zana, sarki ne ko boka, amsar ta tafi da ramin.

Faransa ta sayi uku, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, ta baje su a Louvre a 2000. Da surutu ya yi yawa, a 2002 ta amince na Najeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25, kuma ana iya sabuntawa. Kayanka, a ɗakin wani, da sa hannunka!

Ba cewa nake a kawo a girke a fada ba, Allah ya kiyaye. Gidan tarihi na Waziri Junaidu yana Sakkwato, yaro daga Kebbe zai iya zuwa ya gani ya dawo gida a yini guda. Wa'adin aron yana cika a 2027. 'Yan majalisarmu, wa ya san da zancen?