Manhajojin Sarrafa Injinan CNC: Rabuwarsu da Makomarsu

Injin CNC shi ne wanda kwamfuta ke juyawa wajen sassaƙa katako, yanka ƙarfe ko zana allunan talla. Manhajar da ke cikinsa ce ke karanta umarnin da ake kira G-code, ta mayar da shi motsin injin. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji buɗaɗɗu ne a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya rarraba. Wannan 'yanci ne ke sa manhaja ta rabu gida biyu idan ra'ayin masu gina ta ya saɓa.

Tushen LinuxCNC manhaja ce mai suna EMC, wadda hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fara a shekarun 1990, kuma an gina ta ne domin kwamfutocin tebur. A 2014 wasu suka ɓalle suka kafa Machinekit, domin ta yi aiki a kan ƙananan alluna irin su BeagleBone Black, wanda ya fito a 2013. Daga baya LinuxCNC ma ta karɓi Raspberry Pi 4, ta kuma fitar da zubi na 2.9 a 2023, yayin da aiki a kan Machinekit ya ja baya.

Ɗaya zuriyar ita ce Grbl, wadda Simen Svale Skogsrud ya fara a 2009 domin allon Arduino. Ƙwaƙwalwar allon kilobayit 32 ce kacal, kuma da ta cika sai ci gaba ya tsaya a zubi na 1.1h na 2019. Magadanta su ne grblHAL da FluidNC. Ta biyun tana aiki a kan ESP32, ana kuma iya ba ta umarni daga waya ta hanyar Wi-Fi.

Tarihin nan ya nuna cewa reshen da ke ɗorewa shi ne mai yawan masu gyara da masu amfani, ko da wani ya fi shi sababbin dabaru. Injin da aka daina kula da manhajarsa ba ya tsayawa nan take, amma ranar da allonsa ya ƙone, samun madadi da mai gyara kan yi wuya, jari ya kwanta.

Don haka kafinta ko mai buga allunan talla a Ƙofar Kaura da ke shirin sayen inji, da jami'in da ke sayo wa makarantar koyon sana'a, ya kamata su tambayi dillali sunan manhajar da zubinta, da irin allon da ke ciki, da ko akwai mai gyaransa a Katsina ko Kano. Su kuma ajiye kwafin saitin injin, domin da shi ake tayar da sabon allo cikin sauƙi.