Wankan jego da ciwon zuciyar masu haihuwa: daga Zariya zuwa Kano

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kunci ya san hidimar mai jego. Tun asuba an ɗora tukunya a murhu, ruwa na tafasa, ga ganyen darbejiya ko na runhu da za a riƙa tsomawa ana fyaɗa mata a jiki, safe da yamma, har a yi arba'in. Bayan wanka sai kunun kanwa. Iyayenmu suna yin haka ne don gudun sanyi ya shiga jikin mai haihuwa. To amma shekara hamsin ke nan likitoci suna tuhumar wannan al'ada da laifin kashe mata, kuma har yau shari'ar ba ta ƙare ba.

A Zariya aka soma. Tsakanin 1969 da 1972, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry suka lura da matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu sun kumbura, numfashi na sarƙewa, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Zuciyarsu ce ta gaza harba jini. Sun bi mata 224, suka buga sakamakon a 1978. Ƙiyasin da ya fito daga Zariya ya girgiza masana: kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, alhali a Amurka 1 ce cikin dubbai.

Bayaninsu ya shiga hankali. Kanwa cike take da sinadarin gishiri, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki. Ga zafin wanka, ga kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, duk suna buɗe jijiyoyi su ƙara wa zuciya aiki. Kamar a ɗora wa jakin da ya gaji ƙarin buhu ne. Haka zancen ya shiga littattafan likitanci na duniya, ya zauna daram.

Sai dai cutar ba ta tsaya inda ake wankan ba. A Haiti ma tana da yawa, kuma su ba su san kunun kanwa ba. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun gano a 1992 cewa masu cutar suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, wanda rashinsa ya taɓa haddasa ciwon zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye ya samu irin wannan ƙarancin a Kano.

Shi Karayen ne ya jagoranci babban binciken PEACE a asibitoci 22 na Nijeriya daga 2017 zuwa 2018, da marasa lafiya 406. Arewa maso yamma ce ta fi yawan masu cutar, har 1 cikin haihuwa 96. Wato adadin bai motsa ba tun zamanin Parry. Amma da aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu, ba a ga alaƙa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin ciki, wanda shi ne kuma ke kai wa ga jijjiga da shanyewar ɓarin jiki.

A ganina wannan bai wanke kanwa tas ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, gishirin kanwa zai ƙara mata ciwo. Kuskuren shi ne ɗora wa tukunyar wanka laifin duka, a manta da tukunyar tuwo da awon ciki.

A gida kuwa, abin da ke jawo asara shi ne jinkiri. Mai jego ta kumbura, a ce ai sanyi ne, wanka bai kama ta ba, a ƙara itace a murhu. Kumburin ƙafa, haki, da tarin dare bayan haihuwa na asibiti ne a ranar, ko da kuwa sai an ɗauko mota zuwa Bichi ko Kano.