Burkutu

Burkutu, ko burukutu, giya ce ta gargajiya da ake yi da dawa, wani lokaci a haɗa da gero. Ana yin ta a arewa da tsakiyar Najeriya da kudancin Nijar. Kalarta ja-ja ce, tana da kauri da tsami, kuma an saba shan ta da ƙwarya. A birnin Kano an fi danganta ta da unguwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge. Musulunci ya haramta ta, dokar jihar Kano ma ta hana yin ta da sayar da ita.

Suna

A Hausa kalmar giya ta game duk abin sha mai sa maye, burkutu kuwa sunan wadda aka yi da hatsi ne. Ta bambanta da bammi, wanda ake samu daga itacen kwakwar manja, da kuma ogogoro, wadda ake turarawa daga bammi a kudancin Najeriya. Akwai danginta a ƙasashe maƙwabta: pito a Ghana, dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, da bilbil a arewacin Kamaru.

Yadda ake yin ta

Galibi mata ne ke wannan sana'a, kuma aikin yakan ɗauki kusan mako guda. Ana jiƙa dawa, a baza ta a inuwa a rufe, ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. Tsiron ne ke samar da sinadaran da ke mayar da sitacin hatsi sukari. Daga nan sai a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa a manyan tukwane ko ganguna. Ana barin ƙullun ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace. Idan ya huce sai a zuba ragowar tsohuwar giya, wadda ke ɗauke da yis, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu.

Ƙwayoyin Lactobacillus ne ke kawo tsamin, yis irin Saccharomyces cerevisiae kuma shi ke mayar da sukari barasa. Ƙarfinta yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Da yake yis ɗin bai daina aiki ba a lokacin da ake sayarwa, cikin 'yan kwanaki takan lalace. Dusar da ta rage ana ba dabbobi.

Tarihi

Maguzawa, wato Hausawan da ba su karɓi Musulunci ba a karkarar Kano, Katsina da Zariya, sun daɗe suna dafa giya don gayya, biki da tsafi. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya yi bincike a cikinsu a ƙasar Kano, ya wallafa littafi a kan addininsu a 1946.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da barasar Turai yankunan Afirka da ba a saba da ita ba, kuma Turawan mulkin mallaka sun sa Arewacin Najeriya cikin wannan yanki. Bayan sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 a wajen ganuwa don baƙi daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwar ba ta ƙarƙashin kotunan alƙalan birni a wancan lokaci, don haka a nan mashaya suka taru. Tsohuwar Fagge kuwa, wadda ta kasance zangon fataken Sahara, unguwar Musulmi ce, duk da cewa yanzu ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa su.

Doka da taƙaddama

An ƙaddamar da Shari'a a Kano a shekarar 2000, zamanin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. A mazhabar Malikiyya haddin Musulmin da ya sha giya bulala 80 ne. An kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, zamanin Ibrahim Shekarau, sannan a 2004 aka yi dokar da ta hana yin giya da sayar da ita a faɗin jihar. A watan Nuwamba na 2013 Hisbah ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a.

Masu goyon bayan dokar na cewa tana kare addini da tarbiyyar matasa. Masu suka kuwa na cewa ta shafi waɗanda ba Musulmi ba, kuma jihar na karɓar kasonta na harajin VAT daga asusun tarayya, wanda ya haɗa da kuɗin giya. Ta fuskar lafiya, abin da ake yi a ɓoye ba ya samun duban hukuma: ruwa marar tsabta, ganga mai tsatsa da hatsi mai fumfuna duk suna iya cutar da mai sha, ban da illar barasar kanta ga hanta.

Kwatanci da giyar Ingila

Tsohuwar giyar Ingila da ake kira ale ta yi kama da burkutu. Da tsiron sha'ir ake yin ta, mata ne ke dafawa a gida, kuma ba ta jimawa. A ƙarni na 15 aka fara sa mata furen hops mai ɗaci, wanda ke hana ta saurin lalacewa. A 1963 Birtaniya ta soke neman lasisi ga mai dafa giya a gida don kansa, abin da ya sa littattafan koyarwa suka yaɗu, irin na Dave Line a shekarun 1970. Ilimin burkutu kuwa da baki da gani ake gadonsa, daga uwa zuwa 'ya.

A 1988 gwamnatin Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai manyan kamfanonin giya na Najeriya suka koma amfani da dawa, hatsin da masu burkutu suka daɗe suna aiki da shi.